Daga Ɗan Lifidi Zuwa Mai Kaki: Yadda Ake Shafa wa Sojan Yumɓu Launi

Da zarar an kawar da amfanin gona, yaran karkara a ƙasar Mai'aduwa ba su rasa abin yi. Sukan je bakin kududdufi su ɗebo yumɓu. Su gina shanu da raƙuma da dawaki. Wani ya ɗora wa dokinsa mahayi mai rawani. Wani ya gina soja, ya saɓa masa bindigar kara. Manya da yawa sun ɗauki abin wasan banza ne. Alhali kuwa akwai ilimi a cikinsa. A wasu ƙasashe ma sana'a ce da ake ci da ita.

Ginin shi ne rabin aiki. Sauran rabin shi ne launi. Launi ne yake nuna ko wannan dogari ne, ko ɗan lifidi, ko sojan zamani. Kuma akwai magana ɗaya da mai shafa launi zai riƙe: mayaƙin da yana yin shiga don a gan shi, sojan yau kuwa yana yin shiga don kada a gan shi. Wanda ya gane wannan ya gane yadda zai zaɓi launinsa.

Abin ya daɗe a duniya

A garin Asyut na ƙasar Masar an tono ƙananan sojoji na itace a cikin kabarin wani hakimi. Sun kai shekara 4,000. Guda 40 suna riƙe da mashi da garkuwa, guda 40 kuma da kwari da baka. Har yanzu ana ganin launin jikinsu da na garkuwoyinsu. Ta haka mutanen yau suka san irin shigar mayaƙan wancan zamani.

A shekarar 1974 wasu manoma a ƙasar Sin suna haƙa rijiya, sai suka ci karo da sojojin yumɓu a ƙarƙashin ƙasa. Waɗannan manya ne, tsawon mutum. An kiyasta sun kai 8,000, kuma fuskokinsu sun sha bamban. Da can duk an yi musu launi. Amma da iska ta buge su, sai launin ya riƙa ɓarewa cikin 'yan mintoci.

A Turai kuwa, wani kamfani a Ingila mai suna Britains ya fara zuba ƙananan sojoji da dalma a 1893. Ya daina irin wannan zubi a 1966, lokacin da aka tsananta doka a kan dalma a kayan wasan yara. Yanzu da roba ake yin mafi yawansu. Mutum yakan saye su babu launi, ya zauna a gida ya shafa musu da kansa.

Me malamai suka ce?

Wannan tambaya ce da kowane Musulmi zai yi, kuma ya kamata a yi ta. Malamai sun hana sassaƙa ko gina cikakkiyar surar abu mai rai don a girke ta ana girmamawa. Amma sun yi rangwame a kan abin wasan yara. Ya zo a littafin hadisi na Abu Dawuda cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana, har da wani doki mai fukafukai.

Malaman Malikiyya sun kuma bambanta sura mai inuwa da zanen da yake a shafe a kan takarda ko allo. Saboda haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta da gini ba, yana iya zana mayaƙin a kan kwali, ya yanke, ya shafa masa launi. Duk bayanin launi da ke tafe zai yi masa amfani. Kafin a fara wannan aiki a aji ko a gida, a tuntuɓi malamin gari.

Awo kafin launi

Masu wannan sana'a a ƙasashen waje suna aiki da ma'auni. Idan aka ce 1/35, ana nufin an raba tsawon mutum gida 35, an ɗauki kashi ɗaya. Mutum mai tsawon santimita 175 sai ya koma santimita 5, wato bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Idan aka ce 1/72, sai ya koma kamar santimita 2 da rabi.

Yumɓu ba ya son ƙanƙanta irin wannan. Ya fi kyau a yi 1/10, wato kamar santimita 17, kusan taƙi guda. Kan mutum kashi ɗaya ne cikin bakwai ko takwas na tsawonsa. Yara sukan yi kai ƙato, shi ya sa sojansu yake kama da jariri. Gadon bayan doki kuma ya zo daidai ƙirjin mutum in yana tsaye a gefensa.

A cuɗa yumɓun da ɗan garin tsingaro don kada ya tsage. A shanya a inuwa, kada a sa a rana. In ya bushe sarai, a roƙi masu ginin tukwane su sa shi cikin gashinsu. Wanda aka gasa ya fi ƙarko, kuma ya fi riƙe launi.

Kayan aiki na gida

Ba sai an je birni ba. Yawancin kayan suna gida, sauran kuma a neme su ranar Lahadi a kasuwar Mai'aduwa.

Farar ƙasa tana ba da fari. Jar ƙasa tana ba da ja mai duhu da ruwan ƙasa. Gawayi yana ba da baƙi. Bular wanki ko shuni suna ba da shuɗi. Gangamau yana ba da ruwan ɗorawa, sai dai rana tana kashe shi da wuri. Karan dafi, wanda dukawa suke rina fata da shi, yana ba da ja.

A niƙa kowanne ya yi laushi, a tankaɗe da ƙyalle. Sannan a dama da ruwan ƙaro, kamar yadda ake haɗa tawada. Ƙaro ne yake sa launi ya manne. In ya yi kaɗan, launin zai goge a hannu. In ya yi yawa, zai yi ƙyalli ya tsattsage. A gwada a jikin tsingaro tukuna.

Shuɗi da ruwan ɗorawa suna ba da kore. Baƙi da fari suna ba da ruwan toka. Ruwan ɗorawa da ɗan ruwan ƙasa da fari suna ba da launin kaki.

Buroshi kuwa, a yanko gashin wutsiyar akuya, a ɗaure a bakin tsinke da zare. A yi manya da ƙanana. Don zana layi siriri, alƙalamin kara irin na makarantar allo ya wadatar. Masu zayyanar allo sun san wannan aiki ƙwarai, kuma ana iya koyon riƙon hannu a wurinsu. Wanda yake da hali yana iya sayen fentin ruwa irin na 'yan makaranta.

Matakai huɗu

Na farko, shimfiɗa. A shafe jikin duka da farar ƙasa mai ruwa-ruwa. Yumɓu gasasshe yana shan ruwa kamar yashi. Shimfiɗar ce take toshe shi, ta kuma sa launi ya fito da haske.

Na biyu, launin tushe. A ba kowane sashe launinsa. A fara daga ciki zuwa waje, kamar yadda mutum yake sa tufafi: fata tukuna, sai wando da riga, sai ɗamara, sai makami. Shafi biyu marasa kauri sun fi shafi ɗaya mai kauri. Mai kauri yana cike idanu da ninkin riga.

Na uku, inuwa. A ƙara wa launin tushe ɗan duhu. A bi da shi cikin ninkin riga, da hammata, da ƙarƙashin rawani da ɗamara. A yi da hannu marar nauyi, domin launin ƙaro yana narkewa in ruwa ya sake taɓa shi.

Na huɗu, haske. A ƙara wa launin tushe ɗan haske. A tsoma buroshi, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa. Sannan a shafa sama-sama a kafaɗu da gwiwoyi da saman hula. Nan da nan sai abin ya fito kamar rana tana dukansa.

Kowane mataki sai ya bushe kafin a shiga na gaba. Sannu ba ta hana zuwa. Lokacin hunturu a kifa ƙwarya a kai saboda ƙura.

Fuska

Fuska ce mutane suke fara kallo, kuma a nan ake yawan kuskure. Fatar baƙin mutum ba baƙi ƙirin ba ce. Wanda ya shafa gawayi zalla zai ga fuskar ta ɓace, babu hanci babu baki. A haɗa jar ƙasa da ɗan gawayi kaɗan, har a sami launin tukunya sabuwar gashi mai duhu. Ga wankan tarwaɗa a rage gawayin.

A sa duhu a ramin idanu, da gefen hanci, da ƙarƙashin leɓe da haɓa. A sa haske a goshi, da karan hanci, da saman kumatu. Wajen yin wannan haske kada a zuba fari. Fari yana sa fuska ta yi furu-furu kamar wanda bai shafa mai ba. A ƙara jar ƙasa da ɗigon ruwan ɗorawa.

Ido kuma, kada a yi farin da'ira da ɗigo a tsakiya. Hakan yana sa soja ya zama kamar wanda ya firgita. Mai karatu ya dubi mutum daga nisan taku 20. Ba zai ga farin idonsa sosai ba, sai layi mai duhu. To, haka za a yi: layi siriri da bakin alƙalami. Idan ana son tsagar gado a kumatu, ita ma layi ne siriri mai duhu. Mahayi mai amawali ya fi sauƙi, domin idanu da hanci kaɗai suke waje.

Mayaƙan da: shigar a gani

Mutanen ƙasar Daura ba su bukatar hoto don sanin shigar mayaƙan da. Suna ganinta da idonsu a hawan Sallah, da hawan Magajiya, da Sallar Gani da ake yi a watan Rabi'ul Awwal. Gani ya kori ji. Mai son wannan aiki ya je da fensir da takarda, ya rubuta launin da ya gani.

A wancan zamani gaba da gaba ake yaƙi, da takobi da mashi. Dole jarumi ya fito fili. Nasa su gane shi, abokan gaba su ji tsoronsa. Shi ya sa launin shigarsa yake da ƙarfi.

Dogari: rigarsa ja da kore, da jan rawani. A shafa koren tukuna, ya bushe, sannan jan. In suka haɗu suna ɗanye, sai su koma ruwan ƙasa.

Ɗan lifidi: lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa audugar rimi, a ɗinke ta layi-layi. Ana sa wa doki, ana sa wa mahayi, don kibiya kada ta huda. Tun yumɓu yana ɗanye za a tsaga layukan ɗinkin da tsinke. Bayan an shafa launi, a bi layukan da duhu. A kansa akwai kwalkwali mai gashin jimina. Ƙaramin gashin kaza zai tsaya a madadinsa.

Ɗan sulke: sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe. A danna bakin bututun biro a jikin ɗanyen yumɓu, zobe kusa da zobe. A shafa baƙi. In ya bushe, a goga bakin fensir a kai. Zai yi ƙyalli irin na ƙarfe. Haka za a yi wa takobi da kan mashi da likkafa.

Doki ma yana da nasa. Akawal baƙi ne, amma a haskaka bayansa da ɗan ruwan ƙasa. Kili fari ne, amma a sa ruwan toka a cikinsa da ƙafafunsa. Kada a manta da sirdi da jalala da linzami. Kamazuru kuwa, zare ja ya isa.

Yadda kaki ya shigo

Da bindiga mai cin dogon zango ta yawaita, sai ado ya zama hatsari. Mai jar riga shi ake fara hange, shi ake fara harbi. Wajen 1848 wasu sojojin Ingila a ƙasar Indiya suka fara rina tufafinsu launin ƙasa. A harshen can, kalmar kaki tana nufin launin ƙura. Daga nan ta zo har cikin Hausa. Sojojin Faransa sun shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914 da jan wando. A 1915 suka canza shi. A wannan shekara kuma suka kafa ƙungiyar masu zane, aikinsu shafa wa manyan bindigogi launi don ɓoye su.

A ƙasar nan, Turawa sun kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897, Lugga ne ya fara shugabantarta. Hausawa suna da yawa a ciki, har Hausa ta zama harshen bariki. Shigarsu ta fareti ita ce jar dara, da jar falmaran, da jar ɗamara, da gajeren wando na kaki. Amma da aka kai su yaƙin Bama, tsakanin 1943 da 1945, babu jar dara a fagen fama. Daji ne mai duhu, sai aka koma kaya kore da hula mai faɗin baki. Wanda ya gina waɗannan sojoji biyu ya jera su, ya ba da tarihi ba tare da ya buɗe baki ba.

Kakin ɓad-da-kama

Ɓad da kama ba baƙon abu ba ne a karkara. Fakara in ta lafe a gona, sai an kusa taka ta ake ganinta. Maharbi yakan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya sunkuya, ya yi tafiyar tsuntsu har ya kusanci nama. Dabarar soja ke nan. Ido ya saba da siffar mutum: kai, kafaɗu, hannuwa. Dabbare-dabbaren kaki yana yayyanka wannan siffa, sai ido ya kasa haɗa ta.

Kakin daji yakan zo da launi huɗu: ruwan yashi, da kore, da ruwan ƙasa, da baƙi. Kakin sahara kuwa ruwan yashi ne da ruwan ƙasa. Sojan da za a ajiye a fili irin na arewacin Daura da rani, na sahara ya fi dacewa da shi.

A fara da launi mafi haske, a shafe riga da wando duka. Sai a ɗora kore a manyan ɓangarori masu karkace-karkace. Sai ruwan ƙasa, yana ɗan hawa kan koren. Baƙi shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi ƙanƙanta, kamar 'yan rassa.

Akwai kurakurai uku. Na ɗaya, yin ɗige-ɗige masu girma ɗaya a jere, sai ya zama atamfa. Na biyu, yin dabbare ƙato wanda ya cinye rabin riga. A jikin sojan taƙi guda, kada dabbare ɗaya ya wuce faɗin farce. Na uku, barin zane ya zarce daga riga zuwa wando. Tela daban-daban ya yanka su, don haka zanen yana yankewa a ɗamara da aljihu da kafaɗa.

Daga ƙarshe a goga ɗan garin ƙasa a takalma da gwiwoyi. Sojan daji ba ya ƙyalli. Don kare launin, a tsinka farin gam na kafinta da ruwa, a shafa sau ɗaya a hankali.

Hattara

Rigakafi ya fi magani. Wasu fentin mai na gwangwani suna ɗauke da dalma, kuma dalma guba ce. Tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, tana kuma kisa. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan jihar Zamfara saboda ƙurar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Saboda haka kada a ba yara fentin mota ko na ƙofa. Kada a fasa batir don neman baƙi. Kada a yi amfani da tozali ko zarniƙi. Kada a lashi buroshi don a tsinina bakinsa. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Abin da aka shafa wa launi kuma a ɗaga shi daga inda mai rarrafe zai kai shi baki.

Abu na biyu, Mai'aduwa gari ne na kan iyaka. A Kwangwalam da kan hanya ana ganin jami'ai iri-iri cikin kayan sarki. Kada wani ya tsaya ɗaukar hotonsu ko zana su a bakin aikinsu don neman samfur. A duba kalanda da jaridu da littattafan makaranta. Kuma doka ta hana farar hula sanya kakin soja. Ɓad-da-kama ya tsaya a jikin yumɓu, kada a ɗinka wa yaro.

Amfaninsa a ajin yaƙi da jahilci

Malamin aji yana iya raba ɗalibai gida huɗu. Wasu su yi dogari, wasu ɗan lifidi, wasu sojan Bama, wasu sojan yau. Kowane rukuni ya rubuta sunan abin da ya yi a 'yar takarda, da sunayen kayan jikinsa, da launukan da ya haɗa. Ga karatu, ga rubutu. Wajen awo kuma ga lissafi.

Sannan a gayyato dattijo wanda ya san kayan doki, ya duba ya gyara. Sunaye irin su jalala da kamazuru da kwalkwali sun fara ɓacewa daga bakin matasa. Dattawan da suka san su suna raguwa kowace shekara. Abin da aka tambaya aka rubuta yau, shi jikoki za su tarar gobe.